Ranar da Merle Ya Yi wa Gwaggo Wanka

A duk faɗin garinmu, tun daga bakin tafki har tsohuwar mahaƙar ƙarfe, babu wanda ya kashe barewa da baki kamar Merle Trudell. In ka zauna kusa da shi a shagon kofi, kafin kofinka ya huce ya kayar da manyan mazaje masu ƙaho, ya feɗe su, ya rataye. Dawa ce kawai ba ta taɓa shaida wannan bajinta ba.

Shaidar da ake da ita tana bukkar farautar surukinsa, tsoho Arvid Koskela, can cikin kurmi. Al'adar bukkar tun kaka da kakanni ita ce, duk wanda barewa ta tsaya wa ya kuskure, in an taru cin abincin rana sai a danne shi a yanke wutsiyar rigarsa, wato ƙasanta na baya da ake cusawa cikin wando, a kafe da ƙusa a bango. Kowa yana da ƙyalle ɗaya ko biyu a wurin, har shi Arvid ɗin. Amma bangon da ke bayan murhu, daga rufi har ƙasa, na Merle ne shi kaɗai: ja, kore, mai gida-gida, har da na wata rigar zuwa coci. Kuma tunda ƙa'ida ce mai sabon ƙyalle a bango shi ke wanke-wanken bukka har a tashi farauta, hannun Merle ya fi sabawa da soso a kan kunamar bindiga.

Shi kuwa a wurinsa kullum laifin bindiga ne.

"Ku ba ni bindigar kirki ku sha kallo," in ji shi. "Lokacin da nake soja..."

Da ya kai nan kowa ke fara duba agogo, don an san sojan nasa a ɗakin girki ya yi shi, dankali ne kaɗai ya ɗanɗani wuƙarsa.

To, bana sai abin nema ya samu. Aka yi wa Arvid aiki a kafaɗa, likita ya ce shi da harbi har abada. Ga shi kuwa yana da bindigar da duk gari ke haɗiyar miyau a kanta, irin wadda in ka harba ɗaya ita da kanta take tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashin. Gwaggo yake kiranta, don tunawa da wata gwaggonsa wadda in ta faɗa maka magana ba ta jiran amsa take ƙara maka wata.

Tsohon ya kira Merle da ɗansa Curt, ƙanin matar Merle, ya ɗora Gwaggo a kan tebur.

"Ni dai na gama," ya ce. "Ranar buɗe farauta Merle zai riƙe ta, ya tsaya a mashigar fadama inda nake tsayawa."

Curt ya zabura. "Baba! Mijin Yaya? Gara ka ba Alƙali da kansa ya riƙe maka."

Alƙali wani rusheshen namijin barewa ne da Arvid ya yi shekaru yana bi. Ya samo sunan ne don yadda yake tsayawa ya ƙare wa mutum kallo kamar zai yanke masa hukunci.

"Yi mini shiru," in ji Arvid. "Shekara da shekaru yana cewa laifin bindiga ne. To ga bindiga. In ya kawo nama, tasa ce, har da wurin tsayuwata. In ya kuskure, taka ce, shi kuma ya tsufa da soso a hannu." Ya juya ya nuna Merle da hannunsa mai lafiya. "Sharaɗi ɗaya. Kada ka buɗe mata ciki. Ka zura tsumma a bututunta, ka goge bayanta, ka ƙyale ta. Tun da na saye ta ba a taɓa kwance ta ba, ba ta kuma taɓa ba ni kunya ba."

"Haba Baba," in ji Merle, hannu a ƙirji. "Ai ko ƙusa ɗaya ba zan kalla ba."

Washegari da safe a shagon kofi, duk wanda ke da kunne ya ji cewa Merle zai kwance Gwaggo har ƙusar ƙarshe.

"Dattin da ke cikinta ya girmi Curt," ya ce yana buga tebur. "Bindigar da ta yi wannan aiki da datti, ku yi tunanin abin da za ta yi in ta sha wanka a hannun gwani. Ido rufe zan kwance ta, ido rufe in mayar."

Maƙwabcinsa Wally Rautio, tsohon mai rabon wasiƙu wanda bai taɓa barin labari ya kwana a cikinsa ba, ya ce, "Ba jiya ka ce tsoho ya hana ba?"

"Tsoho zai gode mini daga baya. Kai dai ka rufe mini bakinka."

"Ni? Kabari ne ni," in ji Wally. Kafin azahar har mai sayar da fetur ya ji.

Ana jibi buɗe farauta Merle ya shimfiɗa jaridu a teburin kicin. A ɗaya gefen teburin matarsa Lorna, 'yar Arvid, tana haɗa fasti na 'yan bukka, wato ƙullin fulawar nan da ake cusa wa nama da dankali da albasa a gasa. Ga wata ƙatuwar roba cike da haɗin nama a gabanta.

"Merle, me Baba ya ce maka?"

"Ya ce in kula da ita. Kula nake yi."

"To cire gidan harsashin, ka ja ka nuna mini babu komai a cikinta."

"Ni za ki koya wa bindiga?"

"Nuna mini, ko kai da ita ku koma gareji."

Ya nuna mata. Wannan ne abu na ƙarshe da ya yi daidai a ranar.

Da farko abin ya zo masa da sauƙi, don kwancewa ba ta taɓa yi wa kowa wuya ba. Ya cire katakon gaba, ya zare bututu, ya bugo wasu filoli da ƙusa da guduma, yana yi yana waƙa. Wally ya shigo wai aron shebur, ya ja kujera ya zauna, bai ƙara tuna shebur ba.

"Ka ga wannan?" in ji Merle yana ɗaga wani ƙarfe. "Wannan shi ne... shi ne uwar aikin."

"Wancan fa?"

"Shi ma."

"Ba ka ce ido rufe ba?"

Da Wally ya yi shiru da an zauna lafiya. Merle ya rufe ido ruf, ya lalubi dunƙulen da kunama take ciki, ya danna wani fil da babban yatsa. Sai ji aka yi "tsing!" Wani abu ya tashi sama, ya daki rufi, ya daki murfin tukunya, daga nan shiru. Lorna a lokacin ta juya baya tana duba tanda.

Merle ya buɗe ido. "Mene ne wannan?"

"Wani ɗan sifirin ne, naɗaɗɗiyar wayar nan mai tsalle, ya yi hijira," in ji Wally. "Bai kai tsinken ashana ba. Ban ga inda ya sauka ba, na sunkuya ina ceton idona."

Aka shiga nema. Merle ya yi rarrafe a ƙarƙashin tebur, ya ja firij, ya zazzage takalma, ya kwashe kwandon shara a tsakar kicin. Lorna ta ci gaba da juya haɗin namanta da ludayi tana ɗiba tana naɗewa, in ya zo kusa da ƙafarta ta ɗaga masa ita ya wuce. Can idonsa ya faɗa kan ragar ƙarfen da ke ƙasan bango, inda iskar ɗumama gida ke fitowa.

"Nan ya faɗa! Na ji ƙararsa."

Ya sauka ɗakin ƙasa da sukundireba. Wally da Lorna suna jin ƙarar gwangwani, sai wani ruguguu, sai tari. Da ya hauro, in ban da idanu da haƙora babu abin da ake ganewa a jikinsa, ƙurar shekaru ta rufe shi, ga wata tsohuwar safa a kafaɗa. Bututun ɗumama kuwa ya rabu biyu, gida ya fara yin sanyi.

"An samu?" in ji Lorna.

"An samu safarki."

"Sifirin fa?"

Merle ya karkaɗe kai, ya gyara tsayuwa. "Ku da ba ku san bindiga ba. Masu ƙera ta kullum sukan sa ɗaya na ƙari, saboda irin haka. Wannan na ƙarin ne."

"Ikon Allah," in ji Wally. "Ashe har da gyara suke bayarwa, kamar masu awo."

Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma Merle ba mutum ne da karin magana ke tsayarwa ba. Ya buɗe kwalbar ruwan wanke bindiga. Kafin ya tsoma tsumma, warin ya game kicin.

"Rufe!" in ji Lorna. "Rufe kafin fastina su ɗauka. Wannan abin ba a kicin ɗina ba." Ta jera fastin da suka gasu a kan kanta, ta rufe da tawul, ta ɗauki jaka. "Na tafi taron matan coci. In dawo in tarar da teburina yadda na san shi, da gidana da ɗumi."

Ƙofa na rufuwa Merle ya dubi tarin baƙaƙen ƙarafan da ke gabansa, ya dubi injin wanke kwanuka. Fuskarsa ta washe.

Wally ya ce, "Merle, a'a."

"Me ke cire maiƙo a faranti?"

"Merle."

"Ruwan zafi da sabulu. Maiƙo maiƙo ne, ko na naman alade ko na bindiga. Ka ga bambancin mai ilimi da mai rabon wasiƙa ke nan."

Ya jera hanjin Gwaggo tsakanin kofuna da farantan safe, ƙananan ya zuba a kwandon cokula, ya ƙara sabulu, ya murɗa injin zuwa inda ake wanke tukwane. Injin ya ɗauki ƙara kamar ana jan sarƙa a kan kwano. Merle ya harɗe hannuwa yana murmushi.

Bai gama murmushin ba Wally ya leƙa taga ya ce, "Wancan ba motar surukinka ba ce?"

Ranar aka ga gudun da soja ya koya wa Merle. Ya cusa bututun bindiga bayan labule, ya jefa katakon gindinta cikin kwandon wanki, ya tattare jaridu, ya ɗauki jakar bindigar ya zura mata sandar tsintsiya ya ja zif. Yana jingine ta Arvid na shigowa, hannu ɗaya rataye a wuya.

Tsohon ya ƙare masa kallo. "Kai kuma daga wane rami?"

"Ɗumama nake gyarawa, Baba."

"Na ji alama. Waje ya fi nan ɗumi." Ya karkata kunne. "Me ke ƙara haka?"

"Cokula ne."

"Cokulan gidanku da nauyi suke."

"Na gado ne," in ji Wally, ya maida fuska taga, kafaɗunsa na rawa.

Arvid ya matsa wurin jakar, ya shafa ta kamar mai shafa doki. "Gwaggo ta rame."

"Sanyi ne, Baba. Ƙarfe kan tsuke da sanyi."

"Hmm. Ba ni kofi."

Kofi akwai a buta, kofin zubawa ne babu, duk suna ciki tare da Gwaggo. Merle ya tsayar da injin, ya tare shi da jikinsa, ya buɗe kaɗan, tururi ya turnuƙe, ya zura hannu ya fizgo kofi ɗaya yana cije leɓe don zafi. Ya zuba ya miƙa. Wani maiƙo mai launin bakan gizo ya taso yana yawo a saman kofin.

Arvid ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya juya shi a baki.

"Kofin nan yana tuna mini da wani abu."

"Sabon iri ne, Baba. Lorna ce ta sayo."

"Ka ce mata ta koma tsohon." Ya ajiye, ya nufi ƙofa, ya waiwayo. "Jibi da asuba. Ka sa safa biyu, an ce sanyin bana ba na wasa ba ne."

Da motar ta ɓace Merle ya fito da kayansa ya baza a tebur. Gaskiya sun fita tas, fari fat, ko ɗigon maiƙo babu. Ya sa Wally ya yaba, Wally ya yaba. Sannan ya sauka ƙasa ya ɗaure bututun ɗumama da waya da salatif. Da ya dawo sai ya tarar Gwaggo ta canja launi. Tsatsa ta bi kowane ƙarfe, jajawur kamar an barbaɗa garin barkono.

"Tabɗi," in ji Wally. "Gyaran gangar Auzinawa."

"Ƙishirwa take ji, shi ke nan. Mai take so."

Ɗan man bindigar da ke gidan bai kai ko'ina ba. Merle ya tafi gareji ya dawo da galan ɗin man da ake zuba wa sarƙar injin yankan itace, mai kauri da danƙo kamar zuma. Ya tsoma kowane ƙarfe a ciki har tsatsa ta ɓuya. Daga nan aka shiga mayarwa, a nan ne kuma ya gane cewa hanyar dawowa ta fi ta tafiya nisa. Abin da ya ƙi shiga ta gaba ya gwada shi ta baya, wanda ya ƙi ta baya ya sha guduma. Maƙwabta biyu da Wally ya yafuto ta taga suka tsaya a bakin ƙofa suna ba da shawara, ɗaya na cewa juya, ɗaya na cewa kife. Kafin rana ta faɗi dai Gwaggo ta koma kamar bindiga, tana sheƙi, tana ɗigar da mai ta kowace kafa.

"Ka je bayan gari ka gwada ta mana," in ji ɗaya daga cikin maƙwabtan.

"Mai shakka ke gwaji," in ji Merle.

Lorna ta dawo. Ta buɗe injin wanke kwanuka, ta ɗaga farar tasar da ta gada wurin mahaifiyarta, wadda yanzu ta koma ruwan toka. Ta dubi rufi inda sifirin ya bar tabo. Ta dubi Gwaggo tana zubar da hawayen mai a kan jarida. Wally ya miƙe yana shirin gudu, don ya san Lorna. Amma ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Wace riga za ka sa jibi?" ta tambaya.

"Sabuwar jar nan mai gida-gida. Rigar da za a ɗauke ni hoto da Alƙali."

"Kawo in duba maɓallanta."

Ta shige ɗaki da ita. Jim kaɗan aka ji keken ɗinki na aiki.

"Ka gani?" in ji Merle. "Mace ta san ranar girman mijinta."

Ranar buɗe farauta aka tashi da sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Dusar ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Merle na ta fama da rigarsa tun a mota, ya cusa ta a wando ta fito, ya cusa ta fito, iska na lasar masa tsakiyar baya. Ya ce wa Curt kafaɗunsa ne suka ƙara faɗi.

"Tumbi dai, Mijin Yaya," in ji Curt.

Aka raba aiki yadda aka saba. Curt da sauran samari za su zagaya bayan fadama su taho suna kora, Merle ya tsaya a mashiga. Arvid ya hau tudun da ke kallon mashigar ya zauna a kan kututture da madubin hangen nesa. Bana kuwa tudun ya cika, don Wally da rabin shagon kofi sun zo, kowa da jar hularsa, wasu ko bindiga ba su ɗauko ba. Sun ce sun zo shan iska.

Merle ya tsaya, Gwaggo a hannu. A nan, shi kaɗai cikin itatuwa, ba mai jin cika baki, ya san abin da yake so. Yana son ya shiga bukkar nan sau ɗaya a rayuwarsa a matsa masa wuri kusa da wuta, wani ya miƙo masa kofi, wani kuma ya wanke.

Rana ta ɗan ɗaga. Daga nesa aka fara jin ihun masu kora. Sai reshe ya karye, ciyayi suka buɗe, ga Alƙali. Wuya kamar na bijimi, ƙaho kamar an ɗora masa kujera a ka. Ya fito fili, ya ba da gefe, ya tsaya cak a tazarar da ko da dutse za a same shi.

A kan tudu Arvid ya ɗaga madubin hangen nesansa.

Merle ya ɗaga Gwaggo, ya saita, ya ja kunama. Kunamar ta tafi a hankali kamar cokali cikin alewar da ba ta gama daskarewa ba. Can ciki wani abu ya ce "ƙit."

Alƙali ya juyo ya dube shi.

Merle ya kama mariƙin da ake ja a ɗura harsashi, ya ja, ko motsi. Man injin yankan itacen nan ya sha sanyi ya zama danƙo, ya riƙe hanjin Gwaggo gam. Ya hura mata iskar baki. Ya murza ta da safar hannu. Ya rungume ta a hammata yana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri.

"Dakata," ya ce wa Alƙali ƙasa-ƙasa. "Don Allah ɗan dakata."

Alƙali ya dakata. Har ya sunkuya ya tsinki wani ganye ya tauna, yana kallonsa. Da ya ga shari'ar ba mai ƙarewa ba ce, sai ya yi atishawa, ya juya, ya kama hanya ba gaggawa, farar wutsiyarsa na kaɗawa.

Abin ya fi ƙarfin Merle. Ya ɗora Gwaggo a kafaɗa, ya auna bayan Alƙali, ya buɗe baki iya ƙarfinsa: "Daram! Daram!"

Dariyar da ta ɓarke a kan tudu har masu kora suka ji daga bayan fadama. Wally ya faɗo daga kan kututture yana riƙe da ciki.

Da rana bukka ta cika maƙil. An jera fastin Lorna a kan murhu suna ɗumi, ƙamshi ya cika ɗaki. Curt na wasa wuƙarsa a bakin tebur yana fito.

"Mijin Yaya, juyo mana bayan."

"Kan me?" in ji Merle. "Ƙa'ida ta ce wanda ya harba ya kuskure. Ni na harba?"

"Mun ji harbi biyu," in ji Wally. "Kuma duka ba su same shi ba."

"Bindiga ce ta ƙi tashi! Kowa ya gani. Tsufa ne ya kama ta, ga sanyi. A ba ni gobe."

Arvid na zaune da Gwaggo a kan cinya. Ya shafa ta, ya dubi yatsunsa, ya sunsuna.

"Warin zarto take."

"Kusa da injin yankan itace na ajiye ta a mota, Baba."

"Merle, dube ni. Ka buɗe ta?"

"Ni? Baba, in na taɓa ƙusa ɗaya a jikinta, kada in ƙara cin naman barewa."

Mutum huɗu suka ƙware da kofi lokaci guda. Arvid ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a rufi.

"To," in ji tsohon. "In ba ka taɓa ta ba, laifinta ne, ba naka ba. Curt, mayar da wuƙarka. Gobe ya sake tsayawa. A ba mu abinci."

Merle ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya ja kujera kusa da wuta, ya miƙe ƙafafu, har ya fara bayyana wa na kusa da shi yadda sanyi ke yi wa tsofaffin bindigogi, kamar yadda ya gani lokacin da yake soja.

Arvid ya ɗauki fastinsa ya gatsa. Ya tauna sau ɗaya, sau biyu, sai aka ji "ƙaras." Ya tsaya. Ya sa hannu a baki ya zaro haƙoran robarsa na sama gaba ɗaya, ya ɗaga su wajen hasken taga. A tsakanin turame biyu, ga wani ɗan sifirin da bai kai tsinken ashana ba ya maƙale, da ɗan guntun albasa a jikinsa, yana lilo.

Da Merle ya yi shiru, da Lorna za a ɗora wa laifi, ko mahauci. Amma wanda ya yi rarrafe a ƙarƙashin tebur ya sha ƙurar ɗakin ƙasa shi ya san zafin nema. Ya yi tsalle ya miƙe, fuska cike da murna.

"Ashe nan ka shiga, ɗan banza! Har bututun ɗumama na kwance ina nemanka!"

Duk bukka aka juyo aka zuba masa ido. Ana jin itace na ƙara a cikin murhu.

Merle ya dubi Arvid. Ya dubi sifirin. A hankali ya koma ya zauna.

"Na ƙari ne," ya ce da 'yar ƙaramar murya.

Arvid ya cire sifirin, ya goge haƙoransa a hannun riga, ya mayar da su baki, ya gyara musu zama da harshe.

"Tun ranar da na sha kofi mai ɗanɗanon Gwaggo na sani," ya ce. "So nake in ga iya inda bakinka zai kai ka." Ya miƙa wa Curt bindigar. "Kai ta wurin maƙerin bindiga, ka ba shi haƙuri. In ta tashi, taka ce. Yanzu a yi abin da ya tara mu."

Samari suka danne Merle a kan tebur, Curt ya yaye masa rigar sanyi ya laluba bayan jar rigar, wuƙa a hannu. Ya laluba, ya sake lalubawa.

"Kai! Baba, rigar ba ta da wutsiya."

Aka matso ana leƙe. An riga an yanke ta daidai ƙugu, an kalmashe bakin, an bi shi da ɗinki siriri mai kyau, ko zare ɗaya bai fito ba.

Wally, wanda ya koma wurin kwandon abinci neman ƙari, ya ɗaga tawul ɗin ƙasa ya ce, "Ku zo ku ga."

Ga wutsiyar rigar nan a ninke, an yi mata guga. Lorna ta kalmashe gefunanta, har ta ɗinka mata 'yar maɗauki a sama don kada ƙusa ta ɓata yadin.

Arvid ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta kowa ya gani. Dariya ta hana shi magana sai da ya dafe haƙoransa da yatsa.

"Rigakafi ya fi magani," ya ce. "'Yata ta san mijinta."

Ya rataya ta da kansa a bangon bayan murhu, a ɗan gurbin da ya rage. Sannan ya ɗauko soso da sabulu ya danƙa wa Merle a hannu.

"Ga naka gadon. Kwanuka kawai, ka ji? In ka ga wani abu mai kunama, ka kewaye shi."

Merle ya naɗe hannun riga ya tsaya a gaban tulin farantai, sanyi na shiga masa ta baya. Ya daɗe yana kallon sabon ƙyallen da ke bango, wanda ya fi duk sauran kyau. Can ya gyara murya, ya nuna shi da soso.

"Kun ga ɗinkin nan?" ya ce. "Ni na koya mata."